Yadda Na Yi Jinyar Saje, Kifin Mista Okon

Suleja,
Ranar Lahadi da hantsi.

Zuwa ga Uwata Rakiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uba, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Kaduna lafiya, ke da akwatinki da dambun naman da Innarki ta cusa a ciki. Allah ya tsare ki a hanya da masauki, ya haɗa ki da abokan zama na kirki. Kin ga na rubuta Suleja a sama. Sai da na soke Abuja sau biyu, don hannuna bai saba da sabon sunan garinmu ba tukuna.

Na sa takardar a ƙarƙashin zannuwanki ne saboda kin san halina. In na zaunar da ke a gabana, ga ki 'yar fari, ga ki mai sunan mahaifiyata, ba abin da zai fito daga bakina sai "a yi karatu da kyau." To ga shi aikin jinya za ki koya, watarana za a riƙa damƙa miki rayukan mutane. Ni ban taɓa aikin asibiti ba, alli na riƙe duk rayuwata. Amma na taɓa yin jinya sau ɗaya, kuma duk kuskuren da mai jinya zai iya yi, sai da na yi shi cikin wata uku. Majinyacin nawa kifi ne. Na san kin tuna shi, sai dai kina 'yar shekara goma sha ɗaya a lokacin, kuma rabin abin da ya faru an ɓoye miki.

Shekarar da motoci suka koma bin hannun dama ne. Mista Okon, ma'aikacin safiyo, mutumin Kalaba, yana haya a ɗakuna biyun ƙofar gidanmu. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna can gida wurin kakarsu. Abin da ya rage masa a ɗakin nan shi ne wani akwatin gilashi cike da ruwa, da kifi ɗaya tal a ciki. Ba irin na rafinmu ba ne. Baƙi ne mai jan zane, kamar an watsa masa manja, faɗinsa ya kai tafin hannuna, kullum fuska a turɓune kamar ma'aikacin da aka hana wa ƙarin girma. Marigayiyar ce ta sayo shi a Ikko yana ɗan ƙanƙane, ita ta raɗa masa suna Saje, don yadda yake kai da kawowa yana hararar mutane kamar mai duba fareti. Ya san ubangidansa sarai. Da Mista Okon ya shigo sai ya taso ya manna baki a gilashi. Ni kuwa in na shiga, baya yake juya mini.

Sai aka tura Mista Okon kwas na wata uku a Badun. Ranar da zai tafi muka kinkimo akwatin mu huɗu, muka ajiye a falona. Ya miƙo mini takarda a ninke, ya ce, "Hedimasta, na rubuta komai a nan. Abincinsa, ruwansa, komai. Bari in yi maka bayani."

Na ɗaga masa hannu. Na ce, "Mista Okon, makaranta guda nake riƙe da ita, da malamanta da yaranta. Kifi ɗaya ne zai gagare ni? Hau motarka."

Ya buɗe baki zai ƙara magana, na ce Allah ya kiyaye hanya. Takardar na jefa ta aljihun babbar riga. Ranar Asabar Innarki ta wanke rigar. Abin da na zaro daga aljihun wani ɗan dunƙule ne fari, kamar fura, ba ko harafi ɗaya da ya tsira.

Uwata, duk ranar da wadda za ki canja a bakin aiki ta tsaya tana yi miki bayanin majinyaci, ki bari ta kai ƙarshe, ko da kina ganin kin sani. Abin da ta rubuta kuma ki karanta shi nan take, tana tsaye.

Da na buɗe gwangwanin abincin Saje, na ga wani abu kamar dusa, sai na ce lallai Mista Okon marowaci ne. Baƙo a gidana ba zai ci dusa ba. Na shiga ba shi tuwon dawa safe da yamma, ranar Juma'a in ƙara masa da burodi. Wanda ya ci ya ci, sauran ya nutse ƙasa ya kwanta. Ba a yi wata guda ba ruwan ya koma kamar tsarin kunu.

Innarki ta ce, "Malam, ruwan nan fa ya soma wari. Mai shi na ga yana rage shi duk mako."

Na ce, "Wa yake canza wa kifin kogin Gurara ruwa?"

Ta ce, "Ruwan Gurara tafiya yake yi, Malam. Wannan a zaune yake."

Na ce, "Tsakanin ni da ke wa ya je makaranta?"

Ta ce, "Kai ne." Ta ɗauki tsintsiyarta ta fita.

Wajen mako na shida, wata safiya na leƙa, sai na ga wasu 'yan ramuka biyu a goshin Saje, saman idanunsa, kamar an soka masa tsinke. Cikin kwana uku ramukan suka zama biyar, wani farin abu yana ɗan fitowa daga ciki. Ya daina cin abinci, ya koma lungu ya tsaya, jan zanensa ya dushe, kashinsa ya zama fari, dogo, kamar zare yana binsa. Na tuna mutumin nan yana zama gaban gilashin da yamma yana yi wa kifin hira da yarensu, kuma na san ba da kifin kaɗai yake magana ba.

A nan ne na yi abin da ya fi komai muni, kuma ke na yi wa. Lokacin ana koya muku saƙa a makaranta, ba kya rabuwa da kwarashinki. Na dubi ramukan, na dubi bakin kwarashin, na ga sun yi daidai, shi ke nan na yanke hukunci. Ban tambaye ki ba. Na kira ki, na ƙwace shi, na sa ki durƙusa a tsakar gida gaban ƙannenki. Kika ce, "Baba, wallahi ban taɓa shi ba." Na ce ki rufe mini baki. Ranar sunan ɗan Gwaggonki a Maje kowa ya tafi, na ce ke ki zauna gida. Ina kallonki ta taga kin ninke sabon zanenki kin mayar cikin kwalla, ba ki yi kuka a gabana ba.

Bayan kwana biyu, kwarashi yana kulle a durowata, makulli yana aljihuna, sai ga sababbin ramuka biyu. Na gane a take ba ke ba ce. Kin san abin da na yi? Na jira kika tafi makaranta, na lallaɓa na tura kwarashin ƙarƙashin matashinki, ban ce uffan ba. Shekara bakwai ke nan ban ce ba. To yau na ce. Na zalunce ki, ki yafe mini. In abu ya lalace a ɗakin majinyata, kada ki fara da neman wanda ya fi kowa ƙanƙanta ki ɗora masa. In kuma kin ɗora, daga baya kika ga ba haka ba ne, ki faɗa da bakinki a gaban waɗanda kika kunyata shi a gabansu. Kada ki yi irin ta ubanki.

Tunda ba ke ba ce, sai na kai maganar majalisarmu ta ƙofar gida bayan la'asar. Nan fa kowa ya zama likitan kifi. Wannan ya ce kambun baka ne, a yi masa turare. Wancan ya ce a jiƙa sassaƙen maɗaci a zuba. Wanzaminmu ma cewa ya yi in kawo shi ya yi masa ƙaho, mugun jini ne ya taru a ka. Ni mai ilimin boko na yi musu dariya, na ce waɗannan duk camfi ne. Na tafi makaranta na buɗe akwatin magani, na ɗauko shuɗin maganin nan da muke shafa wa yara a gyambo.

Ranar Juma'a ce, wajen sha ɗaya, na riga na yi wanka na sa fararen kaya. Na kamo Saje da ƙwarya, na naɗe shi a jiƙaƙƙen tsumma, na ɗora a cinya, na buɗe kwalba da haƙori, na tsoma auduga. Kifin da ya kwana bakwai yana kamar zai mutu, ashe ƙarfinsa yana nan ya ajiye mini. Ya yi wani irin tsalle, ya make kwalbar da jela. Rabi ya zube a rigata, rabi a gemuna. Shi kuwa ko ɗigo bai taɓa shi ba. Na mayar da shi ruwa, ya juya mini baya.

Na wanke da sabulun salo, na goga da toka, na goga da lemun tsami. Gemun nan ya ce yana nan daram. Haka na je masallaci na naɗe rawani har hanci, ana zafin nan na bazara. Ranar Litinin na tsaya gaban yara a fili, ba wanda ya iya rera waƙar safe, sai kafaɗu kawai ke rawa. Wani malamina ya matso ya ce a hankali, "Ranka ya daɗe, sabon yayi ne daga Kaduna?" Kwana tara na yi da shuɗin gemu.

Duk da haka ban daddara ba. Na ce tunda rami ne, a rufe shi mana. Na yanka filasta ɗan daidai, na sake kamo shi, na manna masa a goshi. Ina sakinsa filastar ta taso tana yawo a saman ruwa. Saje ya bi ta ya kama, ya tauna, ya tofar. Abin da ya fara sawa a baki ke nan cikin mako biyu.

Abin da nake so ki ɗauka a nan: ni ramin nake ta yi wa magani, don shi idona yake gani. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina me ya haƙa shi ba. Kuma duk kamun da nake yi wa bawan Allahn nan ƙara galabaitar da shi nake. Wani lokaci mai jinya yana ta kai-kawo ne don ya samu sauƙin nasa tsoron, ba don majinyaci ba.

Yanzu ga abin da ba ki sani ba sam. Da na ga Saje ya fara kwanciya ta gefe, sai Shaiɗan ya kawo mini shawara, ni kuma na karɓa hannu biyu. Na ce bari in nemo wani kifin in ajiye. In wannan ya mutu in saka wancan, in Mista Okon ya dawo in ce ruwan garinmu ne ya sauya masa kama. Ranar kasuwar Izom na ɗaure bokiti a bayan babur, na ce wa Innarki zan je duba wata makaranta.

Na samu wani tsohon masunci a bakin ruwa yana gyaran koma. Na ce ina neman kifi mai rai, baƙi, mai jan zane, mai faɗin tafin hannu, mai turɓunanniyar fuska.

Ya dube ni, ya dubi sauran shuɗin da ke gemuna, ya ce, "Malam, ci za ka yi ko aure za ka ɗaura masa?"

Abin da ya fi kusa da siffar da ya samo mini wata karfasa ce, fara sol, mai fara'a. Yana zuba mata ruwa a bokiti yana tambayata, har na kwashe labari na gaya masa, ban da niyyar tawa. Ya ce, "Ni ban san kifin Turawa ba. Amma da rani, in kududdufi ya yanke daga kogi, kifin da ya maƙale a ciki miki yake fitar masa a jiki. In ruwa ya sauko ya haɗe su, sai ka ga sun warware. Ruwan naka yana tafiya kuwa?"

Tun daga Izom har gida maganar nan take yi mini amsa-kuwwa, ba da muryar tsohon ba, da muryar Innarki. Na ɓoye karfasar a baho bayan ɗakin girki, na shiga na gyara murya, na ce, "Wani masani ya ba ni shawara a canza wa kifin nan ruwa."

Ta ce, "Ikon Allah. Masanin ya je makaranta?"

Ta ƙara da cewa, "Baƙuwar da ke cikin bahona kuma, ita ma makarantar ka je dubawa ka samo ta?"

A asibiti za ki tarar da masu shara, da uwar yaro da ta zo daga ƙauye ba ta san ko bihim ba. In ɗayansu ta ce miki, "Yaron nan ba haka yake jiya ba," ki ajiye abin da ke hannunki ki je ki duba. Ita ta kwana da shi, ba littafinki ba.

Ni so na yi in juye ruwan duka, in wanke akwatin da sabulu. Innarki ta hana, kuma wannan karon na ji. Ta ce ta sha ganin mai shi, kashi ɗaya cikin huɗu yake ragewa, da tiyo yake zuƙo dattin ƙasa, kuma ruwan da zai ƙara sai ya kwana a randa tukuna. Na samo tiyo, na sa baki na zuƙa don ruwa ya taso. Ba wanda ya gaya mini lokacin da ake cire baki. Uwata, na san ɗanɗanon tuwon da ya yi wata biyu a ƙarƙashin kifi. Ba zan bayyana miki ba.

Muka riƙa yi duk bayan kwana biyu. Ruwa ya washe, Saje ya miƙe daga kwanciyar gefe, sababbin ramuka suka daina fitowa. Amma bai ci abinci ba, farin zaren nan kuma yana nan. Sai na tafi wurin Sista Rifkatu, mutuniyar Fankshin, wadda ke aiki a ɗakin shan magani na unguwarmu. Kin san ta, ita ta ɗinke miki ƙafa da kwalba ta yanke ki. Na ce ta taimake ni da allura ko wata ƙwaya mai ƙarfi.

Ta ce, "Hedimasta, ni ban san ciwon kifi ba. Abin da ban sani ba kuwa ba na ba da maganinsa. Ka rubuta wa mai shi?"

Na ce ba na so in tayar masa da hankali yana karatu.

Ta ce, "Hankalinsa kake tsoro, ko kunyarka?"

Mace mai farin kaya, wadda duk unguwa ke kira likita, ta ce "ban sani ba" ko gezau, kuma girmanta bai ragu a idona ba, sai ma ƙaruwa. Ni kuwa na kusa kashe amanar mutum don kada in furta kalmomin nan uku. Ki koye su tun a shekarar farko.

Sau shida ina rubuta wasiƙar ina yagawa. Ta farko cewa na yi Saje yana ɗan fama da mura. Ta ƙarshe na faɗi takardar da aka wanke, da tuwo, da ruwa, da shuɗin magani, da filasta. Karfasa ce kaɗai na tsallake.

Amsa ta zo bayan kwana goma sha biyu. Ba zagi ko ɗaya a ciki, abin da ya fi zagin ciwo. Ya ce ya tambayi wani mai kiwon irin kifayen nan a can. Ciwon sananne ne a wurinsu, sunansa ma rami a ka. Ƙazamin ruwa da abinci iri ɗaya ke raunana kifin, sai wasu ƙwayoyin cuta da ke cikin hanjinsa su samu dama, 'yan uwan masu sa mutum atini. Ya ce in ci gaba da canjin ruwa yadda muke yi, in daina kama shi, in daina tuwo har abada. In ba shi tana da fara da shinge. Sannan in nemi farar ƙwayar nan ta atini, a daka, a riƙa cuɗa ɗan kaɗan a abincinsa har kwana goma, ko da ya ga kamar ya warke kada in tsaya.

Na kai wa Sista Rifkatu wasiƙar ta karanta da kanta, sannan ta ba ni ƙwayar, ta nuna mini gwargwadon da zan ɗiba a bakin wuƙa. Daga ranar aka fara ganin Hedimasta da sassafe a bakin rafin Iku, ya naɗe ƙafar wando, yana tonon tana da gwangwani a hannu. Da rana kuma ina bin fara a bayan makaranta da hula. Labari ya zaga gari cewa tun da gemuna ya yi shuɗi ban koma daidai ba. Har wata tsohuwa ta zo ta yi wa Innarki jaje.

Innarki ke daka ƙwayar, ta yayyanka tana, ta cuɗa, tana yi tana kau da kai. Ranar farko Saje ya kama ya tofar. Ta biyu ma haka. Ta uku ya kama, ya tsaya yana hararata, ni ma ina harararsa, sai na ga maƙogwaronsa ya motsa. Na yi kabbara har ƙannenki suka rugo. A kwana na biyar farin zaren ya ɓace, na ce ai ya warke, a bar maganin haka. Innarki ta ɗauko wasiƙar, ita da ba ta karatun boko, ta ɗora yatsa a kai ta ce, "Goma aka ce." Muka cika goma. Ramukan suka bushe, ƙananan suka shafe, manyan guda uku suka bar tabo. Jan zanensa ya dawo.

Ranar da Mista Okon ya sauka, ko jakarsa bai ajiye ba ya shigo falo. Saje ya taso da gudu ya manna baki a gilashi. Mutumin nan ya durƙusa, ya daɗe yana duban tabon, yana magana ƙasa-ƙasa da yarensu. Da ya miƙe idanunsa sun yi ja. Ya kama hannuna ya ce, "Hedimasta, ka san abin da ya sa na bar maka shi, ban bar wa mutanen ofishinmu ba? Na san ba ka san kifi ba. Amma na ce wannan mutumin, in Saje ya mutu, zai ce mini ya mutu. Ba zai yi mini dabara ba."

Daga bayan ɗakin girki, Allah shaida, sai karfasar nan ta yi tsalle a baho, facal. Innarki tana bakin ƙofa, ta ɗaga ido tana kallon rufin ɗaki.

Na ce, "Mista Okon, zo ka ga wani abu."

Na kai shi gaban bahon, na gaya masa abin da na je yi Izom, da abin da na shirya faɗa masa. Ya dubi karfasar, fara, ta yi ƙiba da tanar da Saje ya rage. Ya ce, "Wannan za ka ce mini Saje ne?" Na ce ita ce. Ya ce, "Ruwan garinku ne ya mai da shi fari?" Na ce haka na tsara. Ya zauna a kan turmi ya yi ta dariya har yana riƙe ciki, ni ina tsaye kamar ɗan aji ɗaya. Da ya lafa ya share ido ya ce, "To ai ga shi ka faɗa." Ya juya wajen Innarki ya ce, "Mama, akwai barkono?" Da yamma muka cinye ta mu biyu a kwano ɗaya.

Za ki yi kuskure a aikin nan, Uwata, ba makawa, kuma naki ba a kan kifi zai kasance ba. Ranar da kika yi, ki je da ƙafarki wurin na gaba da ke ki faɗa, duka, tun ana iya gyarawa. Kunyar ba ta kisa, ni shaida ne.

Ki riƙe salla a kan lokacinta. Ki ci abinci ko ba ki jin daɗinsa. Ki rubuto wa Innarki, zan karanta mata ba tare da na rage komai ba. Allah ya tsare ki daga sharrin hanya da na mutane, ya sa waraka a hannunki, ya ba ki haƙuri da masu ciwo da masu zuwa dubiya, ya maido mana da ke lafiya. Amin.

Ni ne mahaifinki,
Malam Haruna.